Babi na Shida: Kalifar Birki, a Gyara ko a Sauya?

Alamun ba sa ɓuya. Direba ya taka birki, motar ta fizge shi zuwa gefe ɗaya. Ko a tsaya shan mai bayan doguwar tafiya, sai a ji ƙauri yana tashi daga gaba, wili ɗaya ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ɗan'uwansa kuwa ɗumi kawai gare shi. Wani lokaci sai an kwance taya ake gani: fad ɗin ciki ya cinye har ƙarfe, na waje yana nan da sauran namansa. Duk inda aka ga haka, ido kan koma kan kalifa.

A gareji kuwa da kuɗi ake fara maganar. "Alhaji, kalifarku ta kama," in ji bakanike. "In kuna so a sa mata kit, in kuma kun fi son a ɗauko Beljiyam a Ƙofar Ruwa, duk ɗaya ne a wajena." Mai mota ya tambayi nawa wannan, nawa wancan, ya duba aljihunsa, ya zaɓa. Har aka gama cinikin ba wanda ya buɗe kalifar. Ni a ganina nan ne ake ɓata lamarin tun daga tushe. Ba a yanke wa kalifa hukunci sai fistan ɗinta ya fito an riƙe shi a hannu an juya shi cikin hasken rana. Ƙarfen ne zai faɗi abin da za a yi, farashi kuma ya biyo baya.

Abin da ke cikin kalifa ba shi da yawa, kuma ya kamata duk mai akori-kura ya san shi. Gida ce ta zubin ƙarfe da ta rungume faifan birki. A cikinta akwai rami, a cikin ramin akwai fistan. A bangon ramin an yanka wani siririn kwarmi, inda zoben roba mai kusurwa huɗu yake zaune, shi ne sil. A bakin ramin kuma akwai wata roba mai naɗi-naɗi da ke hana ƙura da ruwa shiga. Direba ya taka feda, masta ya turo man birki ta tiyo, man ya tura fistan, fistan ya matse fad a jikin faifai. A takun gaggawa matsin man nan kan ninka iskar da ke cikin taya sau talatin, kuma zoben robar nan kaɗai ke tare shi.

Sil yana da wani aiki na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Babu sifirin a cikin kalifa da ke mayar da fistan baya. Idan fistan ya motsa gaba, sil yakan ɗan lanƙwasa ya bi shi. Da an ɗaga ƙafa sai robar ta koma yadda take, ta janyo fistan baya da abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Wannan 'yar tazarar ce ke sakin faifai. Roba ta tsufa ta taurare, ko tsatsa ta riƙe fistan, shi ke nan fad ya ci gaba da gugar faifai ana tafe, man tanki yana ƙonewa a banza, zafi yana taruwa.

A lura da wani abu a nan, domin kusan duk hukuncin da za a yanke a kansa ya rataya. Sil yana zaune ne a bango ba ya motsi. Fistan ne ke zamewa a cikinsa. Ke nan fatar fistan ce ke riƙe mai, ba bangon ramin ba.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi mata rajista tun 1902, amma ba ta yi suna ba sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa da ita a 1953, sannan Citroën DS ta kawo ta kasuwa a 1955. A yau iri biyu ne a kan titi. Akwai mai zamiya, wadda fistan ɗinta yake gefe ɗaya, ita kuma kalifar tana zamewa a kan sanduna biyu don ta jawo fad ɗin waje. Akwai kuma kafaffiya, wadda aka ɗaure tam, da fistan a kowane gefe. Hilux mai fowil da Land Cruiser irin wannan ce a gabansu, fistan huɗu a kowace ƙafa. Ƙananan Hilux marasa fowil da motocin Hiace galibi mai zamiya gare su.

Ruwa ne ke kashe kalifa, kuma ta ƙofa biyu yake shiga. Ta farko robar ƙura ce. Ta tsage, ko wani ya soke ta da sukundireba wajen sauya fad, sai taɓon damina da ruwan wankin mota da ƙurar hunturu su sami hanya. Su zauna a ɗan bakin ƙarfen da ke tsakanin robar da sil, tsatsa ta kumbura a wurin ta shaƙe fistan. Ƙofa ta biyu man birkin ne da kansa, domin yana zuƙar danshi daga iska sannu a hankali. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Idan ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsu, sai su sauko zuwa 140 da 155. Ruwan nan kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Shi ya sa yawancin masu ƙera mota suka ce a sauya man duk shekara biyu, mu kuwa ƙari kawai muke yi idan ya ragu, har ya koma baƙi.

Kafin a taɓa kalifa ma, a tabbatar ita ce mai laifin. Tiyon roba yakan ruɓe daga ciki ya zama yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo, sai ƙafar ta riƙe kamar kalifa ce ta kama. Gwajin ba ya cin minti biyar. A ɗaga motar, a taka birki a saki, a juya tayar. In ta ƙi juyawa, a sassauta notin cire iska. Mai ya yi tsartuwa taya ta saki? To matsalar tana sama, a tiyo ko a masta, kuma ko sabuwar kalifa aka ɗaura haka za ta yi. In taya ta ci gaba da riƙewa, a duba sandunan zamiya idan motar na da su. Sau da yawa su ne suka bushe, fistan lafiyarsa ƙalau. A wanke su, a shafa giris ɗin da ya dace, a sa sababbin robobi, aiki ya ƙare. An sha zubar da kalifa mai kyau saboda sanda ɗaya da ta yi tsatsa.

Idan duk an wuce waɗannan, sai a fito da fistan. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire fad, a riƙa taka feda a hankali tun tiyo yana haɗe, man ya turo shi. Ko a busa iskar kwamfaresa ta ramin tiyo, a sa katako a gaba ya tare, a kuma janye yatsu daga wurin, don fistan yakan fito da ƙarfin da zai karya ƙashi. A kalifa mai fistan huɗu sai an tare waɗanda suka fara motsi har mai taurin kan ya biyo, in ba haka ba ɗaya ya faɗo a rasa abin da zai turo sauran. Abin da ba a yi shi ne a cafke jikin fistan da filaya ana murɗawa. Wanda ya yi haka ya lalata abin da ya zo dubawa.

To ga fistan a hannu. A goge shi, a bi jikinsa da farce. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da kurom ko makamancinsa, sumul. Dauɗa da tabon tsohon mai suna fita da tsumma. Amma idan farce ya maƙale a wani ɗan rami, ko rufin ya fara ɓarewa, a daidai inda sil ke bi, wannan fistan ya gama aiki. A nan ne nake rabuwa da al'adar garejinmu, inda yaro zai zauna da samfefa ya goge shi har ya yi ƙyalli, a ce ya koma sabo. Ƙyallin yaudara ne. An kankare rufin da ke kare ƙarfen, an rage masa kauri, ramukan kuma suna nan. Sabon sil zai riƙe na wasu makonni, gefen ramin ya riƙa yankarsa duk takun birki, tsatsa ta dawo da sauri fiye da da. Ana sayar da fistan shi kaɗai, kuma kuɗinsa bai kai rabin na kalifa ba. Wasu motocin Amurka, irin su akori-kurar Ford, fistan ɗinsu na wani busasshen ƙaro ne mai launin ƙasa. Shi ba ya tsatsa, amma yakan kumbura ko ya tsage a baki, kuma hukuncinsa ɗaya ne.

Lalacewar fistan ba ta kashe kalifa. Abin da ke kashe ta yana jikin gidan. A ciro tsohon sil da tsinken katako ko na roba, a wanke kwarmin, a haska tocila a bi shi zagaye. Baƙin tabo a bangon rami ba komai ba ne, ana iya goge shi a hankali. Amma idan tsatsa ta ci gefen kwarmin har ya daina kaifi, ko ta haƙa ramuka a ƙasansa, mai zai bi ta bayan sil ya fita, kuma ba kit ɗin da zai hana. Haka idan bakin da robar ƙura ke kamawa ya zaizaye: robar ba za ta zauna ba, damina ɗaya ta isa a dawo gidan jiya. Sai notin cire iska. Shi ya kamata a fara gwadawa tun kafin a sayi komai, domin in ya karye a ciki ko tiredinsa ya cinye, ba yadda za a fitar da iska. Gwanin mai injin yanka ƙarfe yana iya haƙo shi, amma in ya taɓa mazaunin da notin ke toshewa, aikin ya tashi. Ramin sandar zamiya da ya buɗe har kalifa tana kaɗawa, da tsagewa ko da ƙanƙanuwa ce a jikin zubin, su ma ba su da magani. Kalifa ba a yi mata walda.

Idan gidan ya tsallake waɗannan, ni gyara nake zaɓa, ba tare da wani ɗar ba. Kalifar da mota ta fito da ita daga kamfani an zuba ta da ƙarfe mai kyau, an yanka kwarminta daidai da awo, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Da sabon sil, sabuwar robar ƙura, da fistan mai lafiya, za ta yi aikin da ta yi ranar farko.

Sharaɗin shi ne robar ta zama ta gaske, hannun da zai sa ta kuma ya zama mai tsabta. Robar birki iri ce ta musamman da ake kira EPDM. Tana jure man birki da zafi, amma ba ta shiri da duk abin da ya fito daga ɗanyen mai. Fetur, kalanzir, gas, baƙin mai, giris ɗin boris, kowanne ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. A garejinmu kuwa kwanon fetur ne wurin wanke komai. Idan an wanke gidan ƙarfen da fetur don cire dauɗa, dole a sake wanke shi da feshin wanke birki ko sifirit, a busar da shi sarai kafin roba ta kusance shi. Sil da fistan da sabon man birki ake jiƙa su. Sandunan zamiya kuma giris ɗin silikon ko jan giris na roba suke so; kit ɗin Toyota na asali yakan zo da ɗan ƙullin nasa a ciki. Fistan ya shiga da matsin yatsu, a miƙe. In sai an sa guduma, wani abu bai zauna daidai ba, a fito da shi a sake dubawa. A yi aikin a kan tebur ko kwali mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya a bayan sil ta isa ta jawo yoyo. Kafaffiyar kalifa kuma, wadda ɓari biyu ce aka haɗa da notuna, kada a raba ta in ba dole ba, don wasu suna da ƙananan robobi a tsakani da ba sa zuwa a cikin kit.

Mai karatu zai iya cin karo da shawarar makanikan Amurka cewa gyaran kalifa ɓata lokaci ne, a sauya kawai. Gaskiyarsu ce a ƙasarsu. Can ladan bakanike na awa ɗaya yakan haura dala 100, don haka awa biyu a kan tsohuwar kalifa ya fi kuɗin wata. Sannan abin da suke ɗaurawa sau da yawa ba sabuwa ba ce. Mai mota yakan ba da tsohuwarsa a mayar masa da wani kaso na kuɗi, kamfanonin gyara su tattara, su wanke, su sa sabon sil da fistan, su gwada da matsi, su mayar kanti. Gyaran ne dai, an ɗauke shi daga gareji an kai masana'anta. Mu a nan lissafin a juye yake. Ladan hannu da sauƙi, kaya kuwa da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda farashin kayan gyara ya tashi daga Ladipo har Panteka.

Idan gidan ya mutu fa? Zaɓi uku ne. Ta asali sabuwa daga dila ita ce mafi kwanciyar hankali, ga wanda zai iya. Sabuwa marar suna mai araha tana da kyan kwali, amma ba ka san irin ƙarfen ba, ba ka san irin robar ba, ba kuma wanda zai amsa maka in ta yi yoyo. Sai Beljiyam, wadda mafi yawanmu ke saya. Tana da kyau, amma a san me aka saya. An ciro ta ne daga motar da ta yi shekaru a ƙasar da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, ta zauna a kwantena, ta zauna a rumfa bakin tiyonta a buɗe. Robar cikinta sa'ar wadda ka cire ce. Gida ka saya, ba birki ba. A gwada notin iskarta tun a gaban mai shago, a kawo ta gareji a buɗe ta, a yi mata duk binciken da aka yi wa ta farko, a sa mata sabon kit. Wanda ya ɗaura Beljiyam yadda ta zo ya sauya matsalar da ya sani da wadda bai sani ba.

Kowace hanya aka bi, a yi wa ƙafafun biyu tare. Shekarunsu ɗaya, man da suka sha ɗaya, kuma idan ɗaya tana kamawa da sauri ɗaya tana jan jiki, motar za ta riƙa karkata a lokacin da aka fi bukatar ta tsaya a miƙe. Mai motocin haya da yawa iri ɗaya, wanda kwana ɗaya a gareji asara ce gare shi, ya ajiye kalifa biyu gyararru a sito. Mota ta shigo a ɗaura mata su ta koma aiki, waɗanda aka cire a gyara su a natse.

Akwai wata ɗabi'a da ba zan iya wucewa ban ambata ba. Kalifa ta fara yoyo a hanya, sai a naɗe tiyon a ɗaure, ko a toshe shi da ƙusa, a ce an kashe ƙafar, a ci gaba da lodi. Don a lallaɓa mota marar kaya zuwa gari na gaba a hankali, ana iya fahimta. Amma akwai motocin da ke yin watanni a haka. A yi lissafi: Hilux da ta kai tan 3 da kayanta, in ta sauko gangarar da zurfinta ya kai mita 300 a kan birki kaɗai, zafin da za ta haifar ya isa ya kai jarkar ruwa mai lita 25 ga tafasa. Mafi yawan zafin nan ƙafafun gaba ne ke ɗauka. A kashe ɗaya, nauyin ya koma kan ɗayar, mai ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da ke biyo bayan haka, kuma ba shi kaɗai ne a kan titin ba.

Manyan motoci masu birkin iska labarinsu ya ɗan bambanta. Tsofaffin gingimari da yawancin tifofi ganga gare su, ba ruwansu da kalifa. Amma tun da Mercedes ta fito da Actros a 1996 da faifai a duk ƙafafu, kawunan tirela na Turai suka bi, kuma irinsu ne DAF da MAN da ke shigo mana yanzu. Kalifarsu, ta Knorr-Bremse ce ko Wabco ko Meritor, ba mai a cikinta. Tukunyar iska ce ke tura wani hannu, hannun ya tura ƙarfen da ke matse fad, a ciki kuma akwai ajasta mai cike giɓi da kanta yayin da fad ke cinyewa. Sandunan zamiya, bushi, robobi da kawunan da ke tura fad duk ana sauya su, kamfanonin ma suna sayar da kit ɗinsu, kuma notunan sandunan sau ɗaya ake ɗaura su, ba a maimaitawa. Ajastar ma ana gwada ta: a mayar da ita baya kaɗan, a bar sifana a kanta, a taka birki sau biyar zuwa goma. Sifanar ta riƙa matsawa kaɗan-kaɗan ta gefe ɗaya, lafiya. Ta ƙi motsi, ko tana gaba tana baya, ajasta ta mutu. A nan umarnin Knorr-Bremse a fili yake: a sauya kalifar, kada a buɗe cikinta. Kasuwa cike take da kayan cikin da ake kawowa daga Turkiyya da Sin, akwai kuma masu haɗa su da kyau. Sai dai ba garejin bakin titi da ke da injin da zai gwada ƙarfin matsin bayan an haɗa. A kan tankar da ke ɗauke da lita 33,000 na fetur tana ratsa kasuwanni, ni ba zan yarda da abin da ba a gwada ba.

A ƙananan motoci, haɗawa tana da nata tarkon. Kalifar dama da ta hagu suna kama da juna, kuma kowace tana iya hawa gurbin 'yar'uwarta. Abin dubawa shi ne notin cire iska ya kasance a sama. In ya koma ƙasa, ko galan guda na mai aka zuba iska ba za ta fita ba, feda za ta yi ta laushi. A sa sababbin wosha na tagulla a bakin tiyo, a tabbatar tiyon bai murɗe ba, a zuba sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba har sai mai tsabta ya fito ta kowace ƙafa. Fad ɗin da mai ya jiƙa a jefar da shi. Kafin motar ta motsa a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, don takun farko bayan gyara fanko ne. Sannan a danne ta da ƙarfi na rabin minti. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo a wani wuri. A fita gwaji a hanyar da ba jama'a, a taka a hankali sau da dama, a dawo a kai bayan hannu kusa da wili na dama da na hagu a ji ko ɗuminsu ɗaya ne. Washegari da safe, kafin a yi lodi, a leƙa bayan tayoyin a duba ko akwai danshin mai, a kuma duba ko man da ke cikin kofin masta yana inda aka bar shi.